Giyar akori-kurata ba ta shiga na biyu sai injin ya yi ta kuka

Mai Akori-kura:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motoci. Motata Ford F-150 ce ƙirar 1979, injin V8 351M mai kafireta, giyarta atomatik C6 mai hawa uku. Shekara shida tana hannuna ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai watanni biyu da suka wuce ta sauya hali. Da, ina ɗan taka totur kaɗan za ta shiga na biyu ba tare da na ji ba. Yanzu sai ta riƙe na ɗaya har kusan kilomita 45 a awa, injin yana ta kuka, sannan ta buga na biyu da ƙarfi kamar an dake ta daga baya. Na uku kuwa sai na ɗaga ƙafa gaba ɗaya take shiga. Sulo ma ya lalace, tana karkarwa idan na tsaya. Makaniken da na kai wa ya zaga da ita sau ɗaya, ya ce giyabos ya gama, a sauke a yi masa aiki gaba ɗaya. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuke gani?

Ɗan Gareji:
Wa alaikumus salam. Oga, motar da ta haura shekara 40, me kake jira? Kulocin ciki sun cinye. Ka bi maganar makaniken, ko ka nemi wani giyabos ɗin ka ɗora ka huta.

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam. Ɗan Gareji, yi haƙuri ɗana, ban yarda da kai ba. Giyar da kulocinta suka cinye sulɓewa take yi: ka taka, injin ya tashi, mota ba ta tafiya. Wannan kuwa cewa ya yi tana makara, kuma idan ta shiga da ƙarfi take bugawa. Mai bugu da ƙarfi ai yana da sauran ƙarfi. Kada a bar jaki a koma dukan taiki.

Malam Mai Akori-kura, kafin kowa ya kwance noti ɗaya, amsa mini waɗannan. Wane launi man giyar yake, kuma yana ƙaurin ƙonewa? Kana ƙara mai a kai a kai? Kana ganin ɗigo a ƙasa inda take kwana? Lalacewar sulo da matsalar giya tare suka fara, ko ɗaya ya riga ɗaya?

Mai Akori-kura:
Na gode Baba. Man ja ne, ya ɗan yi duhu amma babu ƙauri. Sulo da giya kusan mako ɗaya suka fara. Maganar ƙarin mai kuwa, gaskiya ina ƙara kamar rabin lita duk bayan mako biyu ko uku, amma ƙasa fes take, ko ɗigo babu.

Baba Makanike:
To, ruwa ba ya tsami banza. Riƙe maganar man nan, za mu dawo kanta.

Bari in faɗa maka yadda C6 take yanke shawarar canza giya, don idan ka gane wannan, kai da kanka za ka kama ɓarawon. Babu kwamfuta a cikinta ko kaɗan. Abu biyu take saurara. Na farko gwamna, wani ɗan bawul ne da yake kan sandar da ke fita bayan giya. Gudu yana ƙaruwa, shi kuma yana ƙara matsin mai, yana cewa a hau gaba. Na biyu modileta, wani ɗan gwangwani ne a bayan giyabos ta gefen fasinja, da siririn bututu da ya taho daga manifol ɗin injin, wato hanyar da iska da fetur ke bi daga kafireta su shiga injin. Shi yake gaya wa giya irin nauyin da injin ke ɗauka. Idan ƙafarka a sake take, bakin kafireta kusan a rufe yake, fistin suna ta ja ba su samun iska isasshiya, sai zuƙa ta yi ƙarfi a cikin manifol. Wannan zuƙar ita muke kira bakyum. Bakyum mai ƙarfi yana janye robar cikin modileta, matsin mai ya sauka, giya ta shiga da wuri kuma a hankali. Idan ka danne totur, bakyum ya faɗi, sifirin ɗin cikin modileta ya tura bawul, matsi ya hau, giya ta jinkirta ta kuma shiga da ƙarfi don kada ta sulɓe a ƙarƙashin kaya.

Yanzu ka ɗauka bututun nan ya fashe, ko iska tana shiga manifol ta wata kafa. Modileta ba ya ganin bakyum. A wurinsa, kullum ka take totur har ƙasa. Sai ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, ya riƙe giya ya buga da ƙarfi. Giyar tana aikinta daidai, labarin ƙarya ake kai mata. Kuma iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya ita ce take tsinka cakuɗin fetur, shi ya sa sulo yake karkarwa. Ciwo biyu da suka fara mako ɗaya, ni na fi zargin uwarsu ɗaya.

Abban Khadija:
Baba ya gama magana. Ni abin da nake yi mai sauƙi ne. Ka tada mota, ka ɗauki gwangwanin wanke kafireta, ka riƙa fesawa a gindin kafireta da bakin manifol da kan tiyo-tiyo. Inda sulo ya canza, nan ne iska ke shiga.

Malam Injiniya:
Dabarar tana aiki, amma a faɗi haɗarinta. Abin nan yana kama wuta. Tsohuwar mota da wayoyin fulogi suka tsufa suna tartsatsi, ga salansa da zafi, fesa ɗaya ta isa ta tada gobara a ƙarƙashin bonet. Idan dole sai an yi, a yi injin yana da sanyi, a fili, da abin kashe gobara a kusa. Ni na fi son ruwa a kwalbar feshi. Idan ya toshe kafar na ɗan lokaci za ka ji sautin injin ya sauya. Ko ka ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan kana bin layi da shi, za ka ji tsakin iskar. Ka dai kula da fanka da bel.

Amma duk wannan bayan awo ne. Ka nemi agogon auna bakyum. Injin lafiyayye da ya yi ɗumi, a kan sulo, yana ba da inci 17 zuwa 21, allura a tsaye ba ta rawa. Idan wurin da kake yana da tudu sosai, ka rage kusan inci 1 a kowace mita 300 sama da teku. Ka auna wuri biyu: a manifol kai tsaye, sannan ka shiga ƙarƙashi ka zare tiyon daga bakin modileta ka auna a can. Lambobin biyu ya kamata su zo ɗaya. Idan na sama yana da kyau na ƙasa ya faɗi, matsalar tana cikin layin. Idan duka biyun sun faɗi, injin ne da kansa.

Abban Khadija:
Injiniya, shekara nawa ina fesawa ban taɓa ganin wuta ba.

Malam Injiniya:
Allah ya ci gaba da kiyayewa. Ni na gani da idona, shi ya sa nake faɗa.

Baba Makanike:
Ƙari kan maganar shiga ƙarƙashi: giya a P, birkin hannu a ja, a sa wa tayoyi waigi gaba da baya. Kada ka dogara da jak shi kaɗai.

Direban Dare:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Chevrolet ce ta 1986, ita ma tana makara wajen canzawa. Na duba ko'ina a jikin giyar ban ga wannan gwangwanin ba.

Baba Makanike:
Giyarka hawa nawa ce? Idan huɗu ce, mai yiwuwa 700R4 ce, wadda GM masu ƙera Chevrolet suka fara sawa a 1982, kuma ba ta da modileta sam. Waya ce ta taho daga kafireta zuwa giya, ita ke yin aikin. Giyoyinsu masu hawa uku, TH350 da TH400, su ne masu modileta. Ford ma da suka fito da giyar AOD mai hawa huɗu a 1980 sun bar bakyum sun koma sanda ko waya. TorqueFlite ta Dodge kuwa tun asali sanda take amfani da ita. Kai ka duba saitin wayar nan, kuma ka yi hattara. Idan ta yi tsauri giya za ta makara, wannan da sauƙi. Idan ta yi sako-sako matsin mai zai yi ƙasa, giya ta riƙa shiga da laushi kana jin daɗi, alhali kuloci suna ƙonewa a ciki. Tafiya kaɗan ta isa ta kashe ta.

Direban Dare:
Huɗu ce Baba. Na gode, zan duba wayar.

Mai Akori-kura:
Jama'a na dawo da labari. Na samo agogon. A manifol inci 12, allura tana ɗan lilo. A bakin modileta inci 4 kacal. Da na bi layin, ashe bututun ƙarfe ne a tsakiya, da guntun roba a kowane baki. Robar ƙasa ta tsage ta gefen da ido ba ya gani, sai da na lanƙwasa ta tsagar ta buɗe. Na sa sabuwa, na zaga, wallahi ta sauya. Tana shiga na biyu wajen kilomita 30 yanzu. Bugun ya ragu amma bai tafi ba.

Ɗan Gareji:
To na janye maganata. Saura kaɗan ai, akwai ɗan sukuru a cikin bakin modileta, ka warware shi zagaye biyu ko uku, za ta yi laushi.

Baba Makanike:
Dakata tukuna. Kada ka taɓa sukurun nan. Gaskiya ne wasu modileta suna da shi, ɗaurewa tana jinkirta canji ta ƙara ƙarfi, warwarewa tana kawo shi da wuri. Amma na ɗan gyaran ƙarshe ne, bayan komai ya daidaita. Injin da ke ba da 12 ba shi da lafiya. Idan ka warware sukuru don ka rufe wannan, ranar da ka gyara injin bakyum ya hau, matsin mai zai yi ƙasa fiye da kima, giya ta fara sulɓewa.

Yanzu tambayata. Robar da ka cire, a bushe take ta tsattsage kamar tsohuwar fata, ko ta kumbura ta yi laushi?

Mai Akori-kura:
Ta kumbura Baba, ta yi taɓo-taɓo. Na matsa ta, jan mai ya fito.

Baba Makanike:
Ga man giyarka da ke ɓacewa. A cikin layin bakyum bai kamata a sami ko ɗigon mai ba. Robar cikin modileta ta huje, injin yana zuƙe man giya ta bututun yana ƙonawa tare da fetur. Shi ya sa ba ka ganin komai a ƙasa, ta salansa yake fita. Man ne ya jiƙa tiyon har ya ruɓe, kuma sabon da ka sa shi ma haka zai yi idan ba ka canza modileta ba. Ka sa wani ya tsaya bayan motar ka ɗaga totur, ina kyautata zaton zai ga farin hayaƙi. Ka kuma kwance fulogan da suka fi kusa da inda layin ya shiga manifol, za ka same su sun yi baƙi da maiƙo.

Canza shi ba wuya. Noti ɗaya ne da ɗan ƙarfen da ya riƙe shi. Ka ajiye kwano a ƙasa don mai zai ɗan zubo. Ka kai tsohon wurin saye, don suna da iri-iri, ana bambanta su da zanen launi a jiki. Sannan abin da ya fi komai: akwai wani siririn ƙarfe kamar ƙusa tsakanin modileta da bawul ɗin ciki. Wani lokaci yana biyo tsohon ya fito, wani lokaci ya zauna a ramin. Sabo ba lallai ya zo da shi ba. Kada ya ɓace.

Malam Injiniya:
Idan akwai famfon bakyum na hannu, ka gwada sabon kafin ka ɗaura. Ka ja shi zuwa inci 18 ka saki hannu. Allura ta tsaya cak. Idan tana sauka, mayar musu da kayansu. Sabon kaya ma yana zuwa da lahani. Ka kuma busa bututun ƙarfen da iska don sauran man ya fita.

Abban Khadija:
Tunda za a shiga ƙarƙashi, a canza man giyar gaba ɗaya mana.

Ɗan Gareji:
A'a, kada ya kuskura. Tsohuwar giya idan aka zuba mata sabon mai mutuwa take yi. Kowa ya san wannan.

Malam Injiniya:
Wannan maganar ta yaɗu, amma a duba asalinta. Yawancin mutane ba sa tunawa da man giya sai ta fara ciwo. Sai su canza, ta ƙarasa mutuwar da ta riga ta fara, a ɗora wa sabon mai laifi. Inda maganar take da ƙamshin gaskiya shi ne giyar da manta ya yi baƙi yana ƙauri, kuloci sun riga sun narke a ciki. Wannan babu man da zai cece ta. Tasa kuwa ja ne babu ƙauri. Ya sauke farantin ƙasa, noti 17 ne a C6, ya canza filta da gasket, ya duba abin da ya kwanta a ciki. Ɗan laushin toka-toka ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin kuloci shi ne abin tsoro. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a haɗa ta da injin wanki mai turo mai da matsi.

Irin man kuma a karanta a jikin sandar awo. C6 na farko-farko Type F suke sha, daga baya Ford suka sauya, saboda haka kada a yi ƙiyasi. Awo kuma sai mota ta yi ɗumi, a wuri mai daidai, injin yana aiki, an bi da liba ta kowace giya an dawo P. Cikawa fiye da layi ma matsala ce, man yana kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe matsi.

Mai Akori-kura:
Innalillahi. Jama'a na canza modileta jiya da yamma, abin ya juye. Yanzu kafin in kai kilomita 20 ta riga ta shige na uku, kuma idan na taka sai injin ya tashi motar ba ta ja. Ban yi nisa ba na juyo. Ko dai makaniken nan gaskiya ya faɗa tun farko?

Baba Makanike:
Kada ka sake tuƙa ta ko nan da can. Je ka duba kwanon da ka tari mai, ko cikin bakin tsohon modileta. Ƙusar nan tana ɗaya daga cikin wuraren biyu.

Mai Akori-kura:
Tana cikin kwanon, ta nutse a mai. Duhu ya fara lokacin da nake ɗaurawa, na leƙa ramin na ɗauka tana ciki.

Baba Makanike:
Alhamdulillahi da ka juyo da wuri. Ba tare da ita ba, modileta ba ya taɓa bawul ɗin sam, matsin mai yana zama a mafi ƙanƙantarsa ko da ka take totur. Da can giya tana zaton kullum kana kan totur, jiya kuma tana zaton ba ka taɓa shi ba. Na biyun ya fi haɗari nesa ba kusa ba, don shi ke ƙona kuloci. Wanke ta, mayar da ita, ka shinshina man. Idan babu ƙauri ka tsira.

Mai Akori-kura:
Na mayar. Babu ƙauri. Sulɓewar ta tafi, hayaƙi ma ya ragu sosai. Amma agogo a manifol 14 yake nunawa, sulo bai gama daidaita ba.

Malam Injiniya:
To yanzu an koma kan injin. Hanya mafi tsabta ita ce ka riƙa cire layukan bakyum ɗaya bayan ɗaya daga manifol, kana toshe bakin, kana kallon agogo. Wanda ka toshe allura ta yi tsalle, shi ne. Fara da babban tiyon bustar birki, don shi ya fi kowa faɗi. Ita busta tana da gwajinta: injin a kashe, ka taka birki sau biyar har ya yi tauri, ka riƙe ƙafa a kai ka tada mota. Feda ya kamata ya ɗan nutse. Idan bai motsa ba, ko kana jin huci a ƙarƙashin sitiyari duk sanda ka taka, robarta ta tafi. Daga nan tiyon PCV mai zuƙe tururi daga cikin injin, sai layin da ya shiga cikin mota yana juya ƙofofin iska, sai ƙananan murafun roba da aka toshe bakunan da ba a amfani da su. Waɗannan murafun suna tsagewa ba wanda ya kula.

Idan duk ka toshe allura ba ta motsa ba, saura gindin kafireta, gasket ɗin manifol, ko kuma ba yoyon iska ba ne sam. Taimin da ya yi baya yana ba da awo ƙasa amma a tsaye. Allura mai faɗuwa tana dawowa a kai a kai tana nuna bawul ɗin injin. Wadda ke sauka a hankali idan ka riƙe totur a sama tana nuna salansa ta toshe.

Baba Makanike:
A wannan injin ni gindin kafireta zan fara zarga. Tsakanin kafireta da manifol akwai wani faranti na EGR da hayaƙin salansa ke ratsawa. Zafi yana cin sa a hankali har ya huje ko ya ƙone gasket. Na sha cire su kamar gara ta ci. Daga waje ba ka ganin komai.

Abban Khadija:
Wani abu kuma da ya taɓa faruwa da ni. Bayan an yi mini aikin kafireta, aka mayar da layin modileta a bakin da ke jikin kafireta sama da faifan totur. Wannan bakin ba ya ba da bakyum a sulo, sai an taka. Duk sanda na sa D sai motar ta yi tsalle. Idan ka cire kafireta ka yi wa kowane tiyo alama. Na modileta manifol yake zuwa kai tsaye.

Mai Akori-kura:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Busta lafiyarta ƙalau, layuka ma haka. Na fesa ruwa a gindin kafireta ta baya, injin ya yi kamar zai mutu. Da na cire, gasket ɗin ƙarƙashin farantin ya ƙone ta kusurwa ɗaya, farantin kansa ya zaizaye. Na canza duka biyun. Da na tada, sulo ya haura sama sosai, sai na tuna makanike ya taɓa ɗaure sukurun sulo don ta daina mutuwa. Na dawo da shi, na daidaita sukurorin cakuɗi ina kallon agogo. Yanzu 18 a manifol, 18 a bakin modileta, allura ko motsi. Tana shiga na biyu wajen kilomita 20, na uku wajen 40, ba ka ji. Na danne totur a kan hanya ta sauko na biyu yadda ya kamata, wato sandar kikdawun ma tana aiki. Sukurun modileta ban taɓa shi ba.

Abu ɗaya ya rage. Da safe idan ta kwana biyu ba a tada ta ba, ina sa D sai ta yi kamar daƙiƙa huɗu kafin ta kama. Da ta yi ɗumi shi ke nan.

Baba Makanike:
Madalla. Wannan na safe ba na bakyum ba ne. Ko dai man kwanbata, wato tulun nan da ke haɗa injin da giyabos, yana tsiyayewa ya koma faranti idan ta daɗe a tsaye, ko kuma robobin kulocin gaba sun fara tauri saboda shekaru. Ga yadda za ka raba su. Idan ta kwana biyu, ka tada ta ka bar ta a N kamar rabin minti kafin ka sa D. Idan ta kama nan take, tsiyayewa ce, ka mayar da hakan ɗabi'a kawai. Idan duk da haka ta yi jinkiri a D amma R tana kamawa da sauri, robobin ne. Ko su ɗin ne ba yau za a sauke giya ba, amma kada ka riƙa taka totur kana jiran ta kama. Ka kuma ci gaba da duba sandar awo har mako uku, mu tabbatar man ya daina raguwa.

Mai Akori-kura:
To Baba. Zan bar ta har jibi ban taɓa ba, in gwada na N ɗin da safe.